Yawon Birnin Kano da Yara, Ba Ko Sisin Kwabo

Duk sa'ad da aka ba da dogon hutun watan Agusta, magana ɗaya ce ke yawo tsakanin iyaye a unguwarmu da ke Zariya: ina za a kai yara, kuma da wane kuɗi? Mun riga mun sa wa ranmu cewa fita da yara sai an tanadi aljihu. Ga kuɗin shiga wurin wasa, ga na hawa lilo, ga na lemo da askirim. Wanda ba shi da hali sai ya haƙura, yaran su ƙare hutu a gaban talabijin, ko suna rigima a kan wayar uwarsu. Bana da muka tashi kai yara Kano su gaida kakarsu, na ƙudura a raina cewa ban da kuɗin mota da abin sawa a bakin salati, ba zan biya komai don nishaɗi ba, kuma ba zan bar su su wuni a ɗaki ba.

Tun a mota aka fara. Na ce kowa ya riƙe sunayen garuruwan da muke wucewa, za a tambaye shi da dare. Tashar Yari, Kwanar Ɗangora, Ciromawa, suna ta maimaitawa. Da muka kai wajen Kadawa da Kura sai gonakin shinkafa suka buɗe hagu da dama, kore shar iya ganin ido. Autana bai taɓa ganin shinkafa a tsaye a gona ba, ya zaci ciyawa ce. Na nuna musu hanyoyin ruwan da suka ratsa gonakin, na ce wannan ruwa daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, kuma albarkacinsa manoman nan ba sa zaman rani: in an girbe shinkafa sai a shiga tumatir da albasa da alkama. Wani dattijo da ke zaune kusa da mu ya sa baki ya ce musu Kura kuma garin rini ne, daga nan ake samun rawanin nan mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura. Kafin mu sauka a Unguwa Uku yaran sun saba da shi har suna ce masa Baba.

A daidaita sahu ta shigar da mu birni ta Ƙofar Nassarawa, ta kai mu gidan mahaifiyata da ke kusa da gindin dutsen Dala. Hajiya na ganin autana ta ce, “Maigida, ka zo hannu rabbana? Ina cefanena?” Ta juya ga babbar 'yata ta ce, “Ke kuma kishiya, kin rame, ko ba a ba ki tuwo a Zazzau?” Wannan wasan jika da kaka shi ya cinye yammacin ranar.

Washegari bayan sallar asuba da karin kumallo muka nufi Dala. Wanda zai hau da yara ya yi sammako, domin in rana ta take babu inuwa a sama, in kuma an kwana ana ruwa a jira ƙasa ta sha iska, saboda santsi. Akwai matakala ta siminti da ta tafi har can bisa. Ba wanda ya tare mu da tikiti. Mun hau a hankali, muna hutawa, uwar yara na riƙe da hannun ƙarami. Yaran unguwa kuwa a guje suke wuce mu, wasu ko takalmi babu.

Da muka kai sama kowa ya yi shiru na ɗan lokaci. Damina ta wanke sararin sama, babu ƙurar hunturu, don haka birnin ya fito tas. Ga Goron Dutse can yamma, ga koren tulluwar babban Masallacin Juma'a da hasumiyoyinsa, ga itatuwan Gidan Rumfa, ga rufin kwano da soraye sun cuɗe da juna, ga kududdufai sun cika suna sheƙi. Hayaniyar gari tana tasowa kamar ta kasuwa daga nesa. Yarinyata ta biyu ta dage sai ta gano gidan Hajiya, kuma ta gano shi da darbejiyar ƙofar gida.

A nan muka zauna a kan jan dutse na ba su labarin wurin. Na ce tun kafin a san wani gari wai shi Kano akwai mutane a gindin dutsen nan, mafarauta da masu narkar da tama suna fitar da ƙarfe, kuma masu binciken tarihi sun ce wannan aiki ya kai ƙarni na 7. Na ba su labarin Barbushe, daga zuriyar wani mutum mai suna Dala, wanda tsohon littafin tarihin Kano ya siffanta da ƙaton mutum mai ƙarfi, mafarauci da ke kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Shi ne mai kula da Tsumburbura, abin bautar mutanen wancan zamani. Autana ya zaro ido ya ce, “Baba, su ba sa salla?” Na ce lokacin Musulunci bai iso ba tukuna. Bagauda ya zo a shekarar 999 ya zama sarki na farko, sai can zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, malaman Wangarawa suka zo daga Mali da addini. Na nuna musu wajen Madabo, unguwar malamai da ake dangantawa da su. Babbar 'yata ta karanta wasu daga cikin sunayen nan a makaranta, amma a ranar ne ta ce, “Ashe nan ne.” Gani ya kori ji.

Na kuma gaya musu cewa a 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya hau dutsen nan ya zana hoton birnin kamar yadda ya hango shi. Nan take suka ce su ma za su zana. Uwarsu ta yago takardu daga wani tsohon littafin rubutu da ke jakarta, aka raba fensir ɗaya tsakanin mutum uku. Zanen bai yi kama da Kano sosai ba, amma sun fi rabin sa'a a kansa, kowa na duban gari da idon mai neman abu.

Abin da ya sosa mini rai shi ne halin da dutsen yake ciki. Leda da shara sun taru a wasu kusurwoyi, ruwa ya zaizaye gefuna, gidaje sun matso har jikinsa. Wurin da ya haifi birni guda ya cancanci kulawa fiye da haka, kuma nauyin yana kan duk wanda ke hawa da sauka. Kafin mu sauko na sa yaran suka tsince ledojin da ke inda muka zauna, muka sauko da su.

Wata safiyar muka taka zuwa marinar Ƙofar Mata, wadda aka kafa tun 1498. Nan ne yaran suka fi daɗewa, kuma nan ne na fi son iyaye su kai 'ya'yansu. Fili ne cike da ramukan rini masu zurfi, bakinsu a zagaye, wasu an kife su da murfin kaba. Muka yi sallama, muka gaida wani dattijo da ke zaune a bakin raminsa, hannayensa sun rine har gwiwar hannu. Na ce, “Baba, yara na kawo su ga sana'a, in ba damuwa.” Ya ce, “Bismilla, Malam. Ku matso, 'yan makaranta, amma kada wanda ya leƙa da yawa.”

Ya nuna musu abin da ake haɗawa: ruwa, da baba, da toka, da kanwa. A zuba a rami a bar shi ya yi kwanaki yana tsima, ana motsa shi, har kumfa ta taso sama, warinsa ya canja, sannan a san ya nuna. Daga nan ya ɗauko farin ƙyalle ya tsoma, ya ɗan jima ya ɗago. Yaran suka ce ai kore ne. Ya ce su dai zuba ido. Suna kallo iska ta bugi ƙyallen, koren ya fara juyewa yana zama shuɗi a gabansu. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, ya ce haka ake yi ta yi, gwargwadon yawan tsomawa gwargwadon duhun launi, wani sai an shafe sa'o'i. Babbar 'yata, wadda ta fara karatun kimiyya, ta ce iskar da muke shaƙa ce ke haɗuwa da babar ta sauya launin. Dattijon ya yi murmushi ya ce, “To, ke kin san sunansa, mu mun san aikinsa.”

Ya buɗe wani zane da aka ɗaɗɗaure da zare kafin a rina. Da aka warware ƙullin sai fararen zobba suka fito reras a cikin shuɗin, ya ce mata ne ke yin wannan ɗauri a cikin gidaje. A gefe kuma muna jin tim, tim daga ɗakin masu bugu, inda ake shimfiɗa rinannen yadi a kan gungume ana dukansa da tabarya gajera har ya yi sheƙi. Irin wannan yadi ne fatake suka riƙa ɗauka zuwa Agadas da ƙasashen Buzaye, har gaba da nan. Amma ramuka da yawa a marinar sun bushe, wasu sun cika da ƙasa. Yadin kanti mai araha da rinin zamani sun janye masu saye, samari kuma ba su cika son gadon ba. Ba wanda ya nemi mu biya kuɗin kallo. Duk da haka, wanda Allah ya hore wa ya sayi ko ɗan ƙaramin ƙyalle ya kyauta, kuma kada a ɗauki mutum hoto sai an nemi izininsa.

Kasuwar Kurmi mun ratsa ta ne kawai, domin lungunanta matsattsu ne, riƙe yara uku a ciki aiki ne. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta, shi ne kuma ya gina gidan sarautar da ake zaune a ciki har yau. Mun tsaya wajen dukawa suna ɗinkin fata, da wajen masu kayan doki, inda autana ya ga sirdi da linzami da likkafa, ya tambayi sunan kowanne. Daga nan muka fita ta gaban fada suka ga dogarai da rigunansu ja da kore. Na yi musu alkawarin cewa duk shekarar da aka yi hawa za mu zo kallon Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, wanda talaka ke kallo daga bakin titi kyauta, kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Da la'asar sakaliya muka bi gefen badala daga Ƙofar Na'isa zuwa wajen Gadon Ƙaya. Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Na sa yaran haddace ƙofofi: Mazugal, Wambai, Ƙofar Ruwa, Dawanau, Waika, Kansakali, Kabuga, Dukawuya, Ɗan'agundi. Sun mayar da abin gasa. Sai dai a wurare da yawa dole na ce musu “nan da ganuwa ce,” domin abin da ya rage tudun ƙasa ne, wani wurin ma gini ya hau kai. Ruwan sama na ci, masu ɗiban ƙasa na ci, masu neman fili na ci. Yaron da ba a kai shi ya gani yanzu ba, wataƙila in ya girma sai dai a ba shi labari.

Dare kuwa na Hajiya ne. Da an yi sallar lisha, in babu hadari, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ta fara tambayarsu garuruwan hanya da ƙofofin birni, wanda ya faɗi daidai ta ba shi gyaɗa. Sannan ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku,” su amsa, “Ta zo mu ji ta.” Gizo da Ƙoƙi suka dawo gidan da na tashi a ciki, da muryar da ta ba ni su ina yaro. Yaran maƙwabta suka riƙa shigowa, tabarma ɗaya ta kasa. Kafin mu bar Kano 'yan matan sun koyi carafke da 'yar gala-gala daga ƙawayen da suka yi, autana kuma ya koyi langa a ƙofar gida, ya faɗi ya tashi har ya iya tsayawa da ƙafa ɗaya. Duwatsu ƙanana, da zane a ƙasa, da fili: iyakar kayan wasan ke nan. Ba wanda ya tambayi waya a waɗannan darare.

Ba na ƙin wuraren wasa na kuɗi, wanda yake da hali ya kai 'ya'yansa. Abin da na lura da shi dai, a can uba yakan biya ya koma gefe ya zauna yana jira a gama. A kan Dala ko a bakin ramin rini babu wanda zai yi maka aikin. Kai za ka riƙe hannu, kai za ka amsa tambaya, in ba ka sani ba ku tambayi dattijon da ke wurin tare. Abin da ake kashewa lokaci ne da ƙafa, su ne kuma muka fi yi wa 'ya'yanmu rowa.

A hanyar komawa yaran suka hango dutsen Kufena tun kafin mu shiga Zariya, suka ce saura shi. Mun sa ranar Asabar. Iyaye na Kano, musamman ku da kuke kwana kuna tashi kuna ganin Dala ta taga, da na Katsina masu hasumiyar Gobarau, da na Damagaram masu tsohuwar unguwar Birni da duwatsunta, don Allah ku ware safiya ɗaya kafin a koma makaranta. Ku cika gora da ruwa, ku sa wa yara takalmi mai kama ƙasa, ku fita da wuri kafin rana ta yi zafi.