Kututturen Kalgo

'Yan'uwa, duk wanda ya yi noma tsakanin Tambuwal da Kebbe ya san kalgo. A sare shi lokacin sharar gona, da ruwa ya sauka ya sake toho. Da ɓawonsa Baba ke ɗaure damin gero, 'ya'yansa ke riƙe awakinmu da rani.

Abin da ke damuna, yanzu har saiwar muke tonewa don itacen girki. A Maradi, tun 1983, Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM ya nuna wa manoma su bar 'yan rassa a kututture, su datse sauran. Gonakin da iska ke kwashe wa ƙasa suka sake samun inuwa. Bana na bar kututture bakwai a gonarmu. Kawu ya ce lalaci ne.