Gajerun Hanyoyi a Baƙin Allo

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu in an ce kwamfuta sai hankalinmu ya tafi ga Microsoft Word da linzami. To akwai wani ɓangare da ake ba na'ura umarni a rubuce, a kan baƙin allo marar hoto ko ɗaya, kuma a ganina ɗalibin harshe ya fi kowa buƙatarsa.

Ni Bangizime ne daga Potiskum, Hausa kuwa a unguwar Hausari na koye ta. Binciken kammala digirina a kan kalmomin Hausa ne da suka shiga Ngizimanci, ina kwatanta hirarrakin da na ɗauka da ƙamus ɗin Ngizimanci na Russell Schuh na 1981. Hirarrakin suna da yawa, wuta ba ta zama, batirin kwamfutata kuma tsoho ne. Duk mintin da na ɓata wajen sake buga dogon umarni, daga aikina ya fita.

Manhajar da ke karɓar umarnin ita ce Bash, wadda Brian Fox ya fitar a 1989. Da umarnin grep nake zaƙulo duk layin da kalma ta fito a cikinsa. In na danna kibiyar sama, umarnin da na buga ɗazu zai dawo, sai na canza kalmar kawai. Ctrl+A na kai ni farkon layi, Ctrl+E ƙarshensa, Ctrl+W kuma ya share kalmar da ke baya. Tab na ƙarasa mini sunan fayil. Amma sarkinsu shi ne Ctrl+R: ka buga harufa uku ko huɗu daga umarnin da ka yi makon jiya, sai ya tono maka shi ɗungurungum. Wanda ya saba da wannan ba zai ƙara lalube ba.

Sai dai waɗanda suka tsara abin ba su yi shi da Hausa a zuciya ba. Haruffa masu ƙugiya ba su da maɓalli. A Ubuntu sai ka danna Ctrl+Shift+U, ka buga 199 ka danna Enter, ƙ ta fito. 257 na ɗ ne, 253 na ɓ. Hannu yakan haddace su kafin kai.

Wanda ya fi ɓarna shi ne waƙafin sama da muke rubuta 'y da shi. Bash na ɗaukarsa alamar zance ce. Ka ce ta nemo maka 'ya'ya, sai ta haɗiye waƙafan biyu ta nemo yaya, ba tare da ta ce uffan ba, ƙidayarka ta lalace ba ka sani ba. Ka ce 'yan, sai ta tsaya tana jiran ka rufe zancen, sai Ctrl+C ta fid da kai. Maganinsa shi ne ka sa kalmar tsakanin alamun zance masu biyu-biyu, wato "'ya'ya". 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ sun huta da wannan wahala, sai dai su ma dole su haddace 1b4.