Jitar da ba ta da suna

Jitar lantarki ta farko da na mallaka ba ta da sunan kamfani. Haruffan da aka rubuta a kanta sun kankare tun kafin ta iso hannuna, amma ko daga nesa ka hango ta ka san kwaikwayon Stratocaster ce, wadda kamfanin Leo Fender ya fitar a Amurka a 1954, masana'antun Asiya kuma suka yi ta buga irinta da katako mai arha. Wani yayana da ke jigila tsakanin Maraɗi da Kano ta Ɗan Isa da Jibiya ne ya kawo mini ita, ta hannu, a naɗe cikin buhu. Shekarun ne da suka biyo bayan karyewar darajar sefa ta Janairun 1994, lokacin da duk abin da ya fito Faransa ya ninka kuɗi, kowa ya mai da fuska Najeriya. Da kuɗin gyaɗar gayaunata na biya.

A Gazawa muke, wadda a lokacin tana ƙarƙashin Agye, sai a 2011 ta zama gundumar kanta. Abin da ya ja ni ga jita kaset ne: Sa'adu Bori na nan Maraɗi, da kaset-kaset ɗin Abdallah Oumbadougou da direbobi ke saukowa da su daga arewa. Amma Maraɗi ba Agadas ba ce. A gidanmu wanda ya rungumi abin kiɗa, maroƙi ake ce masa, saboda haka jitar a ɗakin wani abokina take kwana, kuma babu wanda zan kai wa ita gyara tsakanin Tasawa da Gidan Rumji.

Ga ta kuwa da cuta iri-iri. Tsirkiyoyinta sun yi nisa da wuya, har sai ka danna da ƙarfi yatsu su yi kanta. In ka daidaita sautinta a sake, da ka gangara tsakiyar wuya sai ta kauce. In kuma ka haɗa ta da rediyo mai kaset da muke yi wa aikin ampili, ƙugi ke fara gaishe ka kafin kiɗa.

Wanda ya fara gane ciwonta bai taɓa riƙe jita ba. Wani tsoho ne mai kiɗan gurmi da ke zuwa cin kasuwa. Ya juya ta, ya kanne ido ɗaya ya leƙa wuyan daga kai zuwa gindi, ya ce, “Ɗana, jakinta ya yi tsawo, wuyan kuma ya sunkuya.” Gaskiyarsa. Jakin gurmi guntun itace ne guda, na jitar kuwa ƙarfe shida ne, kowace tsirkiya da nata, kowanne da ƙananan kusoshi biyu na ɗagawa da saukarwa da doguwa guda ta turawa gaba ko ja baya. Ƙa'idar dai ɗaya ce. Tsawon tsirkiya daga ƙashin kai zuwa jaki milimita 648 ne a irin wannan jita, ƙarfe na 12 a wuya kuma shi ne tsakiya. In ka danna a wurin, dole sautin ya zama na sake ne aka ninka. Ya haura, ka ja jakin baya tsirkiya ta ƙara tsawo. Ya gaza, ka tura shi gaba. Ba mu da na'urar auna sauti, kunne ne kawai, shi kuma tsohon kunnensa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Yana zaune yana cin goro yana cewa, “Saura kaɗan. Ƙara. Tsaya nan.”

Sha'anin wuya ne ya fi ɗaukar mini lokaci, domin ba gyara ne da ake yi sau ɗaya a huta ba. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake murɗawa da ɗan makulli mai kusurwa shida. Ɗaure ta yana miƙar da wuya, sassauta ta yana barin tsirkiyoyi su ja shi ya sunkuya. Ana gwadawa ne da danna tsirkiya a ƙarfen farko da na ƙarshe lokaci guda, a duba ratar da ta rage a tsakiya. In reza biyu a haɗe sun shiga da kyar, ya yi. Kuma ba a wuce rubu'in juyi a zama ɗaya, sai a bar itacen ya kwana ya karɓa. Abin da babu wanda ya rubuta domin mu shi ne yadda ƙasarmu ke wasa da katako. Da hunturu ya kama, iska ta bushe, allon wuyan sai ya tsuke, wuya ya sunkuya, tsirkiyoyi su tashi, bakin ƙarafan wuya su fito ta gefe suna yankar hannu. Da ruwa ya zauna a Yuli da Agusta sai itacen ya sha laima ya kumbura, wuya ya koma baya, tsirkiyoyi su dinga zizar ƙarfe, tsatsa kuma ta hau su cikin 'yan kwanaki. Jita a nan kamar gona take, kowane yanayi da aikinsa. Bakin ƙarafan na goge su da ƙaramin magagari da na aro wurin maƙeri, allon kuma nakan shafa masa ɗigon man keken ɗinki. Man gyaɗa da muke da shi a wadace ba ya yi, yana daskarewa ya yi wari ya kama ƙura.

Ƙashin kai, inda tsirkiyoyi ke hawa kafin su isa kunnuwan ɗaure su, na roba ne mai laushi, ya cinye har tsirkiya na maƙalewa. Na samo ƙashin ƙafar sa wurin mahauta, na dafa shi maiƙon ya fita, na shanya, na yanka da zarto, na yi ta gogawa a kan dutse har ya zauna a gurbinsa. Ramukan shida na cika su da bakin fensir don santsi. Cikin duk abin da na yi wa jitar nan, wannan ƙashin da ban biya ko dala ba shi ne ya fi canza ta.

Ƙugi kuwa sai da na je wurin mai gyaran rediyo a bakin tasha, mai ɗora ƙarfen liƙinsa a kan gawayi. Shi ya buɗe cikin jitar ya nuna mini cewa mikoro na jita maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla dubban zagaye, kuma ba tsirkiya kaɗai yake ji ba, har da wutar da ke cikin bango. Wutarmu daga Katsina take zuwa, layin ya sauka a nan Gazawa kafin ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kai-komon ne muke ji. Shi ya sa ranar da aka ɗauke wuta muka koma batirin mota, jitar ta fi kowace rana tsabtar murya. Mai gyaran ya gano wayar da ya kamata ta haɗa ƙarfen jaki da ƙasa ta tsinke, ya liƙe ta da dalma. Ya sa na shimfiɗe ramin cikin da takardar gwangwani ta kwalin sigari, ita ma aka haɗa ta da waccan wayar. Mikoro ɗin da ke ihu in an ƙara murya muka tsoma shi cikin narkakken kyandir da kakin zuma, a gwangwani cikin ruwan zafi don kada robarsa ta narke. Ya kuma gargaɗe ni da abin da har yau nake gaya wa yara: “Ƙanena, in ka ji tsirkiya na ɗan jan hannunka, ajiye ta. Laifin ampili ne, kuma yana kisa.”

Tsirkiya ita ce tsadar. Siririyar ce ke yawan tsinkewa, ba a kuma sayar da ita sai Maraɗi, in an dace. Sai mu warware wayar birkin keke mu zare sili ɗaya. Zaren kamun kifi da masu gurmi ke sawa ba ya aiki a nan, tunda maganaɗisu ƙarfe kaɗai yake ji. Masu kaurin kuma in sun dushe mukan tafasa su datti ya fita, su ɗan farfaɗo. Da na ji daga baya cewa Mdou Moctar, wanda ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008 kuma yanzu yake zaga Turai da Amurka, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, ban yi mamaki ba ko kaɗan.

Da kuɗi suka ɗan shigo na sayi mikoro mai naɗi biyu, irin wanda Gibson ya fara sa wa jitocinsa a 1957, wanda naɗi ɗaya ke kashe ƙugin ɗayan. Ƙugin ya tafi, amma ya tafi da wannan kaifin murya da kiɗanmu ke so, mai ratsa kalangu da ganga ya fito fili. Ban daɗe ba na mai da na da. Sayayyar da ta biya kuɗinta ita ce ta sababbin kunnuwa, domin tsofaffin sun sake, kana cikin kiɗa suna warwarewa. Jakin mai lilo kuma na cusa masa guntun katako ta baya ya tsaya cak, tun daga ranar sautin ya daina yawo.

Yanzu a Gidan Rumji nake zaune, kuma jitocin Sin sun yi yawa, sun ma fi tawa kyawun aiki. Samari na kallon gyara a waya, wanda aka ɗauka a ƙasashen da ba su san hunturunmu ba. Kwanaki wani ya kawo mini tasa, sabuwa fil, ya ce, “Baba, so nake a canza mata mikoro gaba ɗaya, na tara kuɗin.” Na leƙa wuyan, na danna ƙarfe na 12, na ce ya mai da kuɗinsa aljihu, ya je mahauta ya samo mini ƙashin ƙafar sa, sannan ya sake kawo ta in ruwa ya sauka.