Ƙofar Sinawa a Libaful da Sabon Garin Ƙaura

A Ingila, idan sanyi ya kama, rana takan faɗi tun wajen ƙarfe huɗu, kuma duk wanda ya samu hutun Asabar da Lahadi sai ya nemi inda zai kai iyali su sha iska. A Libaful, inda nake zaune, wurin da mutane ke yawan nufa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu shi ne unguwar Sinawa, domin a lokacin ne sabuwar shekararsu take kamawa. Ana kaɗa ganguna, ana rawar zaki da ta dodo, ana harba wasan wuta, manya suna miƙa wa yara kuɗi cikin jar ambulan kamar yadda muke raba goron Sallah. Turawa kan cika titin Nelson maƙil, hannu cikin aljihu saboda sanyi, suna ɗaukar hoto a gindin wata ƙatuwar ƙofa mai zanen dodanni 200, wadda magina daga Shanghai suka haɗa a 2000.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne niyyar fitar. Mutum ya yi wanka, ya ɗauko 'ya'yansa, ya shiga unguwar baƙi ba don sayayya ba, ba don gaisuwa ba, sai don kallo kawai. Ɗan garinmu, Ƙauran Namoda, ba ya yin haka. Mu ma muna da baƙi, kuma sun daɗe. Tun da layin dogo daga Zariya ya iso Ƙaura a 1929, Yarabawa da Inyamurai da wasu ƙabilu suka biyo shi, masu aikin reluwe da masu awon gyaɗa da auduga, Sabon Gari ya cika. Amma idan ka ce wa dattijo za ka je Sabon Gari, tambayar da zai yi maka ita ce, wurin wa? Ka ce masa kallon mutane za ka yi, sai ya ɗauka ko dai ba ka da aikin yi, ko kuma akwai abin da kake ɓoyewa.

A wurinmu baƙo ta hannun mutum yake shiga gari. Mai sayen shanu da ya taso daga Kudu, ko bafatake daga Maraɗi da ya nufi kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, yana da fatoma. Shi zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan ciniki ya rikice. Baƙi idan sun yi yawa, sarki ya naɗa musu shugaba. Da Sinawa suka yawaita a Kano, musamman a harkar atamfa ta Kantin Kwari, ba ƙofa aka gina musu ba. Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu naɗa ɗaya daga cikinsu ya yi Wakilin 'Yan Sin a 2019, da rawaninsa da komai.

Ita ƙofar Libaful kuwa, kyanta ya rufe wani tarihi mai ɗaci. Sinawan farko ma'aikatan jirgin ruwa ne da kamfanin Blue Funnel ya fara ɗauka tun ƙarni na 19, suka zauna kusa da tashar jiragen. Bamabaman Jamus suka ragargaje tsohuwar unguwarsu a Yaƙin Duniya na Biyu. Da yaƙi ya ƙare, a 1945 da 1946, gwamnatin Birtaniya ta kwashe ɗaruruwan matuƙan nan da suka yi mata hidima a teku, ta mayar da su ƙasarsu da ƙarfi. An bar matansu Turawa da 'ya'ya, wasu suka girma suna zaton uba ne ya gudu ya bar su. Mafi yawan masu ɗaukar hoton nan ba su san wannan ba. Sun ci taliya da agwagwa, sun koma gida, ba su san sunan ko mutum ɗaya a unguwar ba.

Saboda haka na fi son namu tsarin, inda baƙo ke da wanda ya san shi. Sai dai namun yana rataye ne a kan zaman lafiya, ba shi da wani gini da zai tuna da shi idan mutanen suka watse. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi sun zama abin tsoro saboda 'yan bindiga. A 2021 har rufe kasuwannin mako gwamnatin Zamfara ta yi, aka katse layukan waya. Baƙon da ya daina zuwa kasuwa, fatomansa ma ya rasa sana'a, kuma yaron da aka haifa bayan haka ba zai san an taɓa yi ba.

Ina kira ga masarautar Ƙaura da malaman kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke garin da su zauna da tsofaffin Sabon Gari, da fatomomin Shinkafi da na Zurmi, su rubuta wane ne ya zo, daga ina, kuma wa ya sauke shi, tun masu labarin suna raye.