Kwandon Shara da Kogin Ogunpa

Ni haifaffen Ibadan ne, kuma tun ina yaro zubar da sharar gidanmu aikina ne. Da hadari ya haɗo sai in ruga in juye kwandon a kwata, wai ruwa zai kwashe. Ashe kogin Ogunpa yake kaiwa.

A watan Agustan 2011 ambaliya ta ci gidaje da rayuka a garin. Rijiyarmu ta gurɓace, muka koma sayen ruwan jarka. Daga baya malaminmu na firamare ya kai mu bakin gada, ya nuna mana ledojin da suka toshe ta, har da irin ta burodin da muke saye. Kunya ta kama ni.

Yanzu duk hutu ni nake kai yaran layinmu wurin, kodayake wasu iyayen dariya suke mini.