Rufin Gidan Baba

Ruwan farko na bara ne ya tona mana asiri. Hadarin ya taso daga gabas bayan la'asar kamar yadda ya saba a Makarfi, iska a gaba, ruwa a baya, kafin a kira isha'i silin ɗakin Baba ya rufto. Allah ya taƙaita, yana masallaci. Autarmu, wadda ita kaɗai ta rage a gida, ta ɗauki hoto ta jefa mana a zauren WhatsApp: katifa jingine da bango, littattafan Baba shanye a kan igiya kamar wanki, bokiti uku a tsakar ɗaki. Ba ta rubuta komai a ƙasan hoton ba.

Mu biyar ne. Yaya yana Kaduna, biyu suna Zariya, ɗaya tana aure a Abuja, sai Auta. Shekara da shekaru Baba yana cewa rufin nan yana so a duba shi, muna amsa masa da "in Allah ya kai mu rani". Rani ya zo ya wuce sau nawa, ba mu ƙirga ba. Amma cikin kwana biyu da ganin hoton nan kowa ya faɗi abin da zai bayar, har da wanda muka san bashi zai ci. Kunya ta fi kowane mai karɓar bashi iya tara kuɗi.

Muka yanke cewa ba faci za a yi ba, rufin gaba ɗaya za a sauke. Kuma ba kwanon bandir za mu mayar ba, dogon alminiyam za a sa, shuɗi, mai tsini a tsakiya, irin wanda ido ke cin karo da shi tun daga Tashar Yari har Zariya. Mun gaya wa kanmu cewa don ruwa ya riƙa gangarewa da sauri ne. Gaskiyar ita ce muna so duk wanda ya bi layin ya ɗaga kai ya san Malam ya haifa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kayan gini suke hawa ba sauka, don haka Yaya bai tsaya ba: ya turo kafinta ya auna, ya kai awon kamfani a Kaduna aka yanka. Shi irin wannan kwano daidai awonka ake yanka maka, in an yanka kuwa ya zama naka, ba mayarwa. Baba dai gyara muka ce masa za a yi.

Sai mun ɗan koma baya kafin a gane inda muka yi tuntuɓe. Mutanen gari suna kiran layinmu layin ƴan fansho. A farkon shekarun 1990 wasu ma'aikata su 22, yawancinsu malaman firamare, sai malaman asibiti da na gona, suka yi adashi suka sayi wata gonar dawa a bakin gari, suka yanka ta fuloti-fuloti don su sami inda za su sa haƙarƙarinsu in aiki ya ƙare. Fulotan ƙanana ne, bayan ɗakin wannan shi ne katangar wancan. Da yake mutanen alli da rajista ne, ba su yarda a zauna da ka ba, sai da suka rubuta. Ba bene. Ba tagar da za ta leƙa tsakar gidan maƙwabci. Kowane rufi ya kwanta a bayan rawani, ruwansa ya fita ta indararo, ya zuba a gidan mai shi ko a layi. Wanda zai sayar ya fara taya wa na kusa da shi. Baba ne magatakarda saboda kyan rubutunsa. Mun san littafin tun muna yara, yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, mun ɗauka ɗaya ne daga tsofaffin littattafan shirin darasi.

Ranar da mota ta sauke kaya, yaran layi suka taru suna shafa shuɗin kwanon. Kafinta ya hau ya fara fasa rawani da guduma. Bai kai rabi ba sai ga Baffa, abokin Baba tun suna kwalejin horon malamai, mutumin Hunkuyi, yana dogara sanda. Ya yi sallama, ya zauna a dakali, ya tambayi lafiyar kowa ɗaya bayan ɗaya har da jikokin da bai taɓa gani ba. Sannan ya dubi Yaya.

"Allah ya yi albarka, kun yi abin kai. Tambaya ɗaya gare ni. Ruwan ina zai zuba?"

Yaya ya ce, "Baffa, ƙasa mana."

"Ƙasar wa?"

Kafinta ne ya nuna da hannu daga sama. Rufi mai tsini gida biyu yake raba ruwa: rabi gaba, tsakar gidanmu, rabi baya. Bayan ɗakunanmu kuwa gidan Inna ne. Mijinta yana cikin mutum 22 ɗin nan, ya rasu kafin kuɗin sallamarsa su fito, don haka ɗakinta da madafinta har yau tubalin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, kuma a jikin bangonmu suke jingine. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙarƙashin irin wannan rufi a watan Agusta ya san ba ɗiga ruwa yake yi ba, feshi yake yi. Damina biyu ta isa ta cinye gindin ɗakin nan. Mu biyar, da karatunmu da komai, ba wanda ya yi wannan tambaya. Kafintan ya sani, amma ba a tambaye shi ba.

Aka zauna bayan isha'i a ƙofar masallaci. Cikin 22, bakwai suka rage, sauran gidajen na matan mamata ne da magada. Yaya ya yi magana, kuma ba za mu ce ya faɗi ƙarya ba. Ya ce fili namu ne, takardar nan ba hatimin hukuma a kanta. Ya ce gida biyu a ƙarshen layi sun riga sun ɗora irin wannan rufi ba wanda ya ce uffan. Ya ce, mafi muhimmanci, rawanin da ake karewa shi ne ya kusa kashe mana uba: ganyen darbejiya ya toshe indararo, ruwa ya taru a bayan rawani kamar kududdufi, ya bi ramin ƙusa ya jiƙa katako shekara da shekaru, gara ta ƙarasa sauran. In bayan gida ne matsala, a sa maƙwararar ruwa a baya.

Wani tsohon malamin gona ya ce maƙwarara a saman ɗakin Inna za ta rataya, ranar da ta cika ko ta ɓalle fa? Baffa bai shiga gardamar ba. Ya aiki yaro ya ɗauko littafin, ya buɗe, ya miƙa wa Baba. Idon Baba ya yi yana, ko da rana ba ya iya karatu, balle a hasken tocila. Ya riƙe littafin a rufe a cinyarsa ya karanto sharuɗɗan da ka, har da lambobinsu. Da ya gama ya ce, "Gidajen can biyu, bayan ran masu su aka yi. Ni ina nan. Ku jira."

Ba wanda ya sake magana. Yaya ya tashi ya shiga mota, a daren ya koma Kaduna.

Daga baya ne muka gane tsofaffin nan ba sabon abu suka ƙirƙiro ba. A Tunis, a ƙarni na 14, wani magini da ake kira Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigimar gini, ya rubuta littafi guda a kan irin wannan: indararon da ke zuba a gidan wani, tagar da ke leƙen iyalin wani, bangon da mutum biyu suka haɗa. Da wuya in akwai wanda ya karanta shi a cikin su Baba. Su daga garuruwansu suka ɗauko abin, daga soron ƙasa mai azara da rawani da indararo, ginin da ƙasar Zazzau ta gwanance a kai tun kafin Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Da kwano ya zo, sai suka ɓoye shi a bayan rawani, don iskar farkon damina ta gefen baki take shiga ta ɗaga rufi, rawani kuwa yana tare ta.

Sai dai akwai abin da ba su rubuta ba. Soron ƙasa kowace shekara ake hawansa a yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka, kowa ya san haka. Kwanon da ke bayan rawani ma yana son mai hawa ya kwashe ganye, ya zura sanda a indararo. Lokacin da suka yi dokar suna da ƙarfinsu, kowane gida cike da samari. Mu ne masu hawan. Muna tuna yadda Baba ke tsayawa a ƙasa yana riƙe mana tsani yana faɗa. Ba su kawo a ransu cewa wata rana layin zai koma na tsofaffi da ƴan mata da jikoki ba, mu kuma da muka watse ba mu taɓa tambayar wa ya gaje mu a kan tsanin ba.

Mako uku gidan yana rufe da tamfol, damina tana ƙara kankama, Baba yana kwana a zaure. Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne zuwan Inna. Ta shigo da lulluɓinta ta zauna a bakin ƙofar Umma ta ce ita fa ba ta aiki kowa ba, yara su yi rufinsu, ba komai, Allah na nan. Da aka gaya wa Yaya ta waya ya ce to ai magana ta ƙare, mai haƙƙi ta yafe. Umma ta karɓi wayar. Ba ta saba sa baki a maganar gini ba. Ta ce, "Shekara talatin muna miƙa wa juna garwashi ta kan katangar nan. In ta ce maka ba komai, ni na san abin da take nufi."

Wani tsohon magini daga wajen Kudan, da Baffa ya sa aka kira, shi ya raba gardamar da tsinke a ƙasa. Ya ce gaban ɗakunanku yamma yake kallo, hadari kuwa daga gabas yake zuwa. A mayar da rawanin baya da na gefe, a ƙara musu tsayi, rufi ya gangaro gaba gida ɗaya, a bar gaban a buɗe ba rawani, ruwa ya sauka kai tsaye a tsakar gidanku ya bi rariya ya fita layi. Ba inda zai taru. Wannan ma ya saɓa wa littafi, don littafi rawani ya ce ko'ina. Tsofaffin bakwai suka kwana biyu suna juya maganar, sannan suka yarda a yi gyara. Baba ya faɗa, Auta ta rubuta, karo na farko da wani hannu ya shiga littafin. Suka ƙara sharaɗi ɗaya: kowace shekara kafin ruwan farko, magada su ɗauki nauyin hawa rufin kowane gida a layin, bi da bi.

Mun yi asara, ba ƙarama ba. Kwanon da aka yanka don rufi mai gida biyu bai kai tsawon gangara ɗaya ba, sai da aka yi ta haɗi, wanda bai shiga ba muka karyar wa wani mai gina shago a kasuwa. Katakon da aka riga aka sare ma haka. Kuɗin Yaya ne suka fi yawa a ciki. Babbar Sallah bai zo ba, rago ya aiko. Baba ya sa aka yanka, bai tambayi dalili ba. Da ya zo daga baya, ya tsaya a layi ya ɗaga kai, ba abin da ake hangowa sai siririn shuɗi ta saman zaure. Ya ce kamar ba a yi komai ba. Har yanzu a cikinmu akwai mai ganin an yi mana fin ƙarfi da furfura, kuma in zancen ya taso a zauren WhatsApp sai wani ya yi sauri ya jefo hoton jariri.

Bana layin hawa ya faɗo kan gidanmu. Mun shirya za mu haɗa kuɗi a ba wani yaro. Ranar Asabar da safe sai ga motar Yaya. Ya aro tsanin masallaci, ya naɗe ƙafar wando, Baba ya fito ya riƙe masa gindin tsanin duk da ba ya ganin samansa. Buhu biyu na ganye ya kwaso daga rufin Baffa, da ƙwallon roba, da takalmin yaro wari ɗaya. A kan na Inna ya fi daɗewa. Da ya sauko ya wanke hannu a bakin rijiya, ya tambayi Auta ko falle nawa ya rage cikin kwanon da aka jingine a zaure.

Ta ce uku.

Ya ce a kira masa kafinta.