Bazarar da na yi a garejin esi

A tsakiyar shekarun 1990 ina yaron gareji a Kaduna, wajen wani makaniken esi da ke kusa da Panteka. Kasuwarmu ta bazara ce. Daga Maris har ruwa ya sauka motoci layi suke yi, kowa da magana ɗaya: "Oga, a ƙara mini gas." A lokacin ne gas ɗin ya rabu gida biyu. Tsofaffin Fijo 504 da 505 na shan R-12, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka fara janyewa, motocin Kwatano sababbin shigowa a lokacin kuwa suna zuwa da R-134a. Ko man kwamfiresarsu ba ɗaya ba ne, ba a gauraya su.

Wata rana Oga ya tafi sallar azahar, aka kawo mota da esinta ya daina sanyi. Mai ita ya rantse gas ya ƙare tuntuni. Babban cikinmu yaran gareji, yaro mai saurin hannu da son a yaba masa, ya ɗauki sifana ya kama kwance tiyon da ke fitowa daga kwamfiresa, ko geji bai ɗaura ba. Ina gefe riƙe da kwanon notina sai na ji ƙara, wani farin tururi ya rufe masa fuska. Ya yar da sifana yana ihu, "Idona! Idona!" Ya kai hannu zai murje, tsohon mai walda maƙwabcinmu ya damƙe shi.

"Kada ka kuskura, ɗana! Kai, ku kawo buta!"

Muka yi ta kwarara masa ruwa har aka sami motar asibiti. Allah ya taƙaita, idon bai tsiyaye ba, amma dishi-dishi ya koma gani da shi. Yatsunsa suka yi bororo kamar ya taɓa garwashi, alhali sanyi ne ya ƙona su. R-134a a digiri 26 ƙasa da sifili yake tafasa, duk fatar da ya taɓa yana ruwa daskarewa take yi nan take.

Da Oga ya dawo bai ɗaga wa kowa hannu ba, abin da ya fi ba mu tsoro. Wata mota ya buɗe, ya ɗaura geji, inji a kashe, ya ce mu karanta. Allura ta haura 100, ninki uku na iskar taya. Ya ce rashin sanyi ba shaidar ƙarewar gas ba ne, sau da yawa fiyus ne ko waya. Washegari ya zo da tabarau da safar hannu. A ganina da ya saye su tun farko, amma yaro ba ya faɗa wa ubangidansa haka.

Daga nan dokoki suka tsananta. Ba sigari, ba wutar walda kusa da motar da ake yi wa gas, domin R-12 in ya gamu da harshen wuta yakan ba da fosjin, gubar da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Neman yoyo sai da nitirojin da ruwan sabulu. Iskar oksijin ta masu walda ya haramta ta ɗungum, don haɗuwarta da man kwamfiresa fashewa ce.

Da hunturu sai direbobin Jos su kawo gyaran hita. Ruwan lagireto ne ke ratsa ta, shi ya sa ba mai taɓa murfi sai inji ya huce, kuma a cire kan batir, tunda fankar wasu motoci takan tashi da kanta ko makulli na aljihu. Koren ruwan nan ma ba a barin sa a kwano: yana da zaƙi, kuma guba ne ga yara da awaki.

Yau akwai masu ɗura wa mota gas ɗin firji mai kamawa da wuta saboda arha. Mai mota, kafin a taɓa maka esi, ka ce a nuna maka tukunyar, ka gwada lambarta da wadda ke liƙe a ƙarƙashin bonet.